Hattara da mai sayar da rikodar masana'anta yana cewa tana lissafi

Salamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwa masu aikin na'urorin awo a masana'antu. Akwai wani mutum da ke tallar rikodoji 'yan Beljiyam a Facebook da WhatsApp, wato na'urorin da ke nunawa da ajiye awo kamar zafi da matsi, irin masu allo ɗin nan da suka maye gurbin masu takarda. Ya damfare mu, kuma da ganin yadda ya iya bakinsa ba mu ne na farko ba.

Ina kula da kayan awo a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Maigida ya gaji da ƙiyasi, yana so ya san kilo nawa na tururi tukunya ke bayarwa a kowane zubi idan ana turara shinkafa. Gudun tururi na nan take kowace rikoda za ta nuna maka. Amma tara jimilla, ko raba wannan awo da wancan, aikin layukan lissafi ne, waɗanda ba waya ake jona musu ba, kai ne kake rubuta musu abin da za su lissafa daga sauran layukan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a yawancin rikodojin nan lissafin ƙari ne da ake saya daban. A rikodojin kamfanin Yokogawa sai ka ga /M1 a lambar samfurin DX1000 ko DX2000, ko /MT a GX10 da GX20. Wasu na'urorin Honeywell da Eurotherm kuwa da lambar sirri ake buɗe shi, kuma lambar tana ɗaure da siriyal ɗin na'urar.

Na san duk wannan, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Na ce wa mai tallar ya turo hoton tambarin da ke jikin rikodar. Sai ya turo bidiyo, yatsansa na shiga shafin lissafi, jimilla tana hawa ɗaya bayan ɗaya. "Injiniya, ga shi kana gani da idonka, me kuma za ka yi da sitika?" Wannan "Injiniya" ɗin ta ɗauke ni. Muka tura rabin kuɗi, ya ba direba kaya, muka cika sauran.

Da na buɗe kwalin, sai na tarar an kankare ƙarshen lambar samfurin, daidai inda alamar ƙarin take zama. Na kunna, na bi saituna kaf, babu shafin lissafi ko ƙurarsa. Ashe ta cikin bidiyon wata ce daban, ita yake nuna wa kowa.

Na kira shi, ko a jikinsa. Wai an kulle ne daga Turai, in ƙara kuɗi ya turo lambar buɗewa. Nan ne damfara ta biyu take, kuma nan na tsaya. Lambar gaske daga kamfanin da ya ƙera na'urar ko dilansa take fitowa, kuma sai sun nemi siriyal. Shi ko tambayar siriyal bai yi ba. Da na matsa, sai ya turo wani yaro wai zai gyara. Yaron ya ɗauki layin awo na yau da kullum, ya sauya masa suna zuwa jimilla, ya faɗaɗa ma'auninsa don lambobi su yi girma, ya ce an gama. Da maigida ne a wurin da ya sallame shi har da kuɗin mota.

Ga yadda na kama shi, ku ma ku yi haka kafin ku biya ko sisi. Na'urarmu ta awon tururi bambancin matsi take aunawa, tana turo siginar lantarki ta 4 zuwa 20 mA (miliamfiya), rikoda ce ke cire mata sikwaya-rut, wato lissafin da ke mayar da matsin zuwa gudun tururi. A ce ma'aunin 0 zuwa 2000 kilo ne a awa. Ka cire wayar na'urar awon, ka jona kalibireta, wato na'urar gwaji mai ba da siginar da ka zaɓa, ka ba rikodar 8 mA. Kwatan matsi ke nan, wanda ke nufin rabin gudu, wato kilo 1000 a awa. Ka duba agogo. Bayan minti 6 dole jimilla ta ƙaru da kilo 100. Ta yaron ta tsaya cak kamar an dasa ta. Na sauke zuwa 4 mA, "jimillar" ta faɗo sifili. Jimilla ai ba ta komawa baya. Yaron ya ce bari ya amsa waya a waje, har yau yana amsawa.

Don Allah duk wanda zai sayi irin wannan, ya sa a ɗauko masa bidiyo guda ba yankewa, daga tambarin jiki zuwa shafin da ke nuna siriyal da ƙarin da ke ciki, lambobin su zo ɗaya. Idan ya fara "Injiniya, ba ka yarda da ni ba ne?", ku riƙe kuɗinku. Tamu rikodar tana nan tana nuna zafi da matsi lafiya lau, jimillar tururi kuwa yaran tukunya ke rubuta gudu a littafi duk rabin awa, ni kuma in tara da kalkuleta da yamma.