SACD, DVD-Audio ko Blu-ray: Wane Faifan Kiɗa Ya Cancanci Kuɗinka?

Wanda ya haɗa lasifika biyar da wufa (lasifikar bes, wato sauti mai kauri) a ɗakinsa, ya fita neman faifan kiɗan da zai motsa su duka, zai tarar da harufa da lambobi jibge a bayan kwali: SACD, DVD-Audio, DTS, Blu-ray, Atmos, 24/96, 24/192. Kowane kamfani yana yabon nasa. Abin da ya kamata mai saye ya fara ganewa shi ne, abubuwa biyu ake sayar masa a dunƙule, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Na farko sautin kewaye, inda kiɗa ke zuwa maka daga gaba da gefe da baya. Na biyu manyan lambobi, wato naɗin da ya fi na CD yawan bayanai. Na farkon ko yaro zai ji shi nan take. Na biyun kuwa har yau masana ba su daina ja-in-ja a kansa ba.

CD shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Sony da Philips suka fitar da shi a 1982, yana ɗibar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, da bit 16. Wannan ya ishe shi riƙe sautin da siririntarsa ta kai kilohaz 22, alhali kunnen matashi mai lafiya a wajen 20 yake tsayawa, kuma yana raguwa da shekaru. Bit 16 na ba da tazarar desibel kusan 96 tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi ƙarfi. Bit 24 na ba da 144 a takarda, adadin da babu kayan gida da ke kaiwa. A sitidiyo yana da amfani sosai, don yana ba injiniya sarari ya yi gyare-gyare ba tare da datti ya taru ba. A falo kuwa, ƙarar fanka kaɗai ta isa ta binne yawancin wannan ƙarin.

An gwada maganar. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa bincike a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda suka riƙa rage sautin SACD da DVD-Audio zuwa matakin CD ba tare da masu sauraro sun san lokacin da aka yi ba. A gwaji 554, amsoshin da suka dace ba su wuce rabi ba, wato daidai da canka-canka. An soki binciken, musamman da cewa wasu faya-fayan da aka yi amfani da su tun asali ba a naɗe su da manyan lambobi ba. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18 wuri guda, ya gano akwai bambanci amma ɗan kaɗan ne, kuma waɗanda aka horar da kunnuwansu sun fi kama shi. Na yarda da wannan: bambancin yana nan, sai dai bai kai girman da ake kururutawa ba.

To me ya sa mutane da yawa suke rantsuwa cewa SACD ɗinsu ya fi CD ɗin wannan kundin daɗi nesa ba kusa ba? Sau da yawa gaskiya suke faɗa, dalilin ne ba shi suke zato ba. Tun shekarun 1990 kamfanoni ke gasar matse kiɗa don ya yi ƙara, ana danne kan ganga, ana ɗaga wuraren da ya kamata su yi laushi, har komai ya zama tsayi ɗaya. Faifan da aka yi wa masu kayan sauti na musamman galibi ba a yi masa wannan aika-aikar, kuma akan koma wa ainihin tef ɗin farko. Saboda haka abin da kunnenka ke yabawa hannun injiniya ne a gyaran ƙarshe. Idan aka zuba wannan kyakkyawan gyaran a CD, mafi yawan daɗin zai biyo shi.

SACD ya fito a 1999, shi ma daga Sony da Philips. Tsarinsa daban yake, ana kiransa DSD: bit ɗaya tak, amma ana ɗiba sau 2,822,400 a daƙiƙa, ninki 64 na CD. Bit ɗaya na haifar da hayaniya mai yawa, sai a tura ta can sama inda kunne ba ya kaiwa, na'ura ta tace ta. Masoyansa suna cewa yana da taushi irin na tef. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne DSD yana da wuyar gyarawa, don haka faya-fayai da dama an naɗe su ko an haɗa su da PCM, tsarin da CD ke amfani da shi, daga baya aka juya su. Babbar fa'idar SACD ita ce nau'insa mai hawa biyu: hawa ɗaya na ɗauke da DSD na sitiriyo da na 5.1 (lasifika biyar da wufa), ɗayan kuma CD ne na yau da kullum da zai yi aiki ko a mota. Kamfanoni irin su BIS na Suwidin da Pentatone na Holan sun fitar da kiɗan gargajiyar Turai da yawa a kansa. Amma ka buɗe ido wurin biyu. Akwai SACD mai hawa ɗaya, musamman irin SHM-SACD na Japan, wanda na'urar CD ba ta karantawa. Kuma ba kowane SACD ne ke da sautin kewaye ba, da yawa sitiriyo ne zalla, sai ka duba kwalin.

DVD-Audio abokin hamayyarsa ne, ya shigo kasuwa a 2000. Yana ɗaukar sitiriyo har 24/192 (bit 24, ɗiba sau 192,000 a daƙiƙa), da 5.1 har 24/96, ta hanyar matsin bayanai na MLP na kamfanin Meridian wanda ba ya zubar da ko bit ɗaya. Wajen inganci ba shi da abin kushewa. Matsalarsa ita ce kasuwa ta juya masa baya kafin ƙarshen shekarun 2000, yanzu galibi na hannu ake samu. Yana kuma da tarko: idan ka sa shi a na'urar DVD ko Blu-ray da ba ta san shi ba, sau da yawa zai yi wasa lafiya lau, amma ɓangaren Dolby Digital ko DTS take kunna maka, waɗanda matsinsu ke zubar da bayanai. Mutum zai iya shekaru yana sauraron wannan yana zaton ainihin abin yake ji.

DTS CD ba ya buƙatar dogon bayani. Sautin 5.1 ne da aka matse aka cusa a faifan CD, kuma matsin mai zubarwa ne. In kundin da kake so a nan kaɗai yake, saya. Kada dai ka kunna shi a na'urar da ba ta fassara DTS alhali murya na sama, don tsawa mai ƙarfi zai fitar da ka iya lalata ƙananan lasifikoki.

Blu-ray, wanda ya zo a 2006, shi ne ya gaji DVD-Audio a aikace. Yana da wurin ajiya mai yawa, yana ɗaukar PCM da ba a matse ba, ko Dolby TrueHD, ko DTS-HD Master Audio. Ukun nan sakamakonsu ɗaya ne in daga tushe ɗaya aka yi su, don haka kada wani ya ruɗe ka da fifita ɗaya a kan ɗaya. Faifai guda kan haɗa sitiriyo da 5.1 da Atmos (tsarin Dolby da ke ƙara sauti daga sama), kuma kusan kowace na'urar Blu-ray za ta karanta shi. Atmos ɗin faifai yana tafiya ne a kan TrueHD, galibi a kilohaz 48 (ɗiba sau 48,000 a daƙiƙa), ba ya zubar da komai, saɓanin wanda ake sauraro ta intanet da ke zuwa a matse da Dolby Digital Plus. Lura da wannan lambar ta 48: ta fi 96 da 192 ƙanƙanta, amma kyakkyawan haɗin Atmos zai girgiza ka fiye da yadda 192 a sitiriyo zai taɓa yi.

Nan ne ainihin inda faifai ke cin kuɗinsa ko ya ci amanarka: yadda aka rarraba sautin. Akwai haɗin da ke zaunar da kai a zauren kiɗa, makaɗa na gabanka, lasifikokin baya ba sa kawo komai sai amsa-kuwwar bango da tafi. Rufe ido, za ka ji rufin ya yi nisa, bangon baya ya ja da baya, kaɗa goge na ƙarshe ya daɗe yana shawagi kafin ya ɓace. Akwai kuma wanda ke jefa ka tsakiyar makaɗa, murya a lasifikar tsakiya, 'yan amshi a bayan kafaɗarka, jita na ratsawa daga hagu zuwa dama. Duka biyun halal ne, kowa da abin da ransa ke so. Wanda ban yafe wa ba shi ne na uku, inda aka ɗauki tsohon sitiriyo aka bar kwamfuta ta watsa shi a lasifika biyar aka rubuta 5.1 a kwali. Za ka gane shi da murya mai kama da ta cikin rijiya, da baya da ke ta ƙara ba tare da wani kayan kiɗa takamaimai a ciki ba. Nemi rubutun da ke nuna an koma wa tef mai layuka da yawa an sake haɗawa, da sunan wanda ya yi aikin. Wasu faya-fayan kuma suna ɗauke da tsofaffin haɗe-haɗen lasifika huɗu na shekarun 1970, ba tsakiya ba wufa, kuma da yawansu sun fi sababbin ƙarfin hali.

Kafin ka sayi faifai ko ɗaya, duba kayanka, in ba haka ba cinikin biri a sama za ka yi. Wayar haske ko ta coaxial ba ta ɗaukar 5.1 marar zubarwa, sai HDMI ko wayoyi shida na analog. Yawancin sababbin na'urorin SACD masu tsada sitiriyo kawai suke fitarwa. Oppo, wanda na'urorinsa ke karanta kusan komai, ya daina ƙera su a 2018. Sony UBP-X800M2 na karanta SACD da DVD-Audio da Blu-ray, alhali manyan na'urorin Panasonic irin su DP-UB9000 ba sa karanta hawan SACD. Sannan amfilifaya da yawa sai sun mayar da DSD zuwa PCM kafin su tura bes ga wufa ko su daidaita sauti da ɗaki. Ni ina ganin bar su su juya shi ya fi alheri, don bes da ya zauna daidai ya fi DSD tsantsa amfani. Matsayin lasifika ma haka: na gaba digiri 30 hagu da dama, na baya tsakanin 100 da 120.

In za ka gwada faifai biyu a gida, daidaita ƙarfinsu tukuna da na'urar awo, domin wanda ya ɗara ɗan'uwansa ƙara ko da kaɗan, shi kunne zai ce ya fi. Ka sa wani ya riƙa canza maka ba tare da ka gani ba, kuma ka tabbata gyaran ƙarshensu ɗaya ne.

Mai farawa yau, Blu-ray ya fi masa sauƙi da aminci. Mai son kiɗan gargajiyar Turai da jaz ba zai iya kauce wa SACD mai hawa biyu ba, don tarin da ke kansa babu shi a wani wuri. DVD-Audio da DTS CD sai don kundin da ba a sake fitarwa ba. Wanda kuma lasifika biyu kawai gare shi, ya nemi bugun da aka fi yaba gyaransa ko da CD ne, ya ajiye ragowar kuɗin don ƙarin lasifika.