Wata takwas bayan gyaran ƙafar tsohuwar Hilux

Abokan sana'ata a Dawanau sun sha tambayata ko aikin ƙafar da aka yi wa motata ya biya kuɗinsa. Duk wanda ya tambaya sai in ce masa ya bari kaka ta wuce tukuna, don ranar da mota ta fito daga gareji kowacce lafiya lau take. Yanzu kaka ta wuce, rani ya yi nisa, motar ta yi wata takwas tana ɗauko riɗi da gero daga ƙauyukan Gumel da Maigatari zuwa Kano. Na sami abin faɗa.

Toyota Hilux ce ƙirar 2001, mai ƙofa biyu, mai shan gas, mai ja da taya huɗu. Na hannu na saye ta shekara shida da suka wuce. Irinta da aka ƙera daga 1997 zuwa wajen 2005 ba su da sifirin mai murɗi a gaba. Abin da ke ɗauke da gaban motar wasu dogayen sandunan ƙarfe ne guda biyu kwance a ƙarƙashi, bakanikai na ce musu toshan, suna murɗuwa in taya ta hau tudu sannan su koma yadda suke. A baya kuwa sifirin mai falle-falle ne, irin wanda muka saba gani a a-kori-kura Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Hilux ɗin da ta biyo baya, wadda muke kira Vigo, ita aka mayar wa gabanta sifirin mai murɗi. Mai Vigo ya sani wani ɓangare na maganata ta gaba bai shafe shi ba, amma ta baya duk ɗaya ce.

Kafin aikin, motar ta gaji ƙwarai. Gindinta ya zauna, hagu ya fi dama. In na ɗora buhu goma na faɗa ƙaramin rami sai in ji ƙum a ƙarƙashi, shasi ya sauka a kan aksil. Sitiyari ya yi wasa, sai ka juya shi kusan faɗin tafin hannu kafin tayoyi su amsa. Tayoyin gaba sun cinye wuri-wuri, kamar an bi su da cokali an ƙwaƙule. Abin da ya tsorata ni na gaske ya faru wata Alhamis da yamma, ina dawowa daga kasuwar Maigatari. Wani direba da ya daɗe yana bina ya sha gabana bayan Gezawa, ya yi mini hannu na tsaya, ya ce, "Maigida, motarka a karkace take tafiya, gindinta ya goce dama. Don Allah a duba." Allah ya saka masa da alheri, ni da ke ciki ban taɓa lura ba.

Ba wai na bar ta ba gyara ba ne duk shekarun nan. Gyaran ne na faci-faci. Da baya ya fara zama, wani ya ba ni shawarar ƙarin falle, aka ƙara biyu-biyu. Da falle ɗaya ya tsage, aka kai wa mai walda ya ɗinke. Bushin ɗin idon sifirin ya mutu, aka yanko daga tsohuwar taya aka cusa. Shakazoba kuwa na saya a wani shago a bakin hanya, a cikin kwali mai kyau ɗauke da sunan babban kamfani, wata biyu bai cika ba mai ya tsiyaye. Kowanne a lokacinsa ya yi mini araha, kuma kowanne ya kai ni gida a ranar.

Dattijon da na kai wa motar a wannan karon aikin ƙafa kaɗai yake yi, ba ya taɓa inji. Na tambaye shi nawa aikin zai ci, ya ce, "Alhaji, ban ga ciwo ba zan faɗi kuɗin magani?" Ya sa na kai aka wanke ƙasanta tas, laka da tsohon giris suka fita, sannan ya ɗaga ta a jak. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya kama ta gefe da gefe ya girgiza. Ya sa yaronsa ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, shi kuma yana kwance yana dafa kowace gaɓa da hannu yana jin inda ke motsi. Ya sa dogon ƙarfe a ƙarƙashin taya ya banƙara sama, ya kira ni in leƙa in ga yadda bol joyin na ƙasa, wato gaɓar da ke haɗa taya da hannun da ke riƙe ta, ke tsalle a cikin gidansa. Ya ce wannan in ya fita ana gudu, taya kan kwanta ne a ƙarƙashin mota, kuma duk wanda ke bin manyan hanyoyinmu ya taɓa ganin mota a gefe da ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Daga nan ya ɗauko tef ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Sun bambanta da kusan yatsa biyu. Senta bol, wato ƙusar da ke ratsa fallayen ta zaunar da su a kan aksil, ta karye a gefe ɗaya, aksil ya ja baya. Karkacewar da direban nan ya gani ke nan.

Wannan dubawa ta ci kusan rabin yini, kuma ita ce abin da na fi yaba masa a duk aikin. Ban saba ganin bakaniken da zai nuna maka ɓarnar da idonka kafin ya rubuta maka kaya ba.

Maganar ƙarin falle ita ce inda muka ɗan yi ja-in-ja, don ni ina so a bar su. Ya ja ni bayan motar ya nuna mini wani ɗan bawul a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya taso daga gare shi zuwa aksil. Shekara shida ina tare da motar ban san aikinsa ba. Ashe shi ke raba ƙarfin birki. In kaya ya danne mota ta sauka, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ba kaya, ya rage don kada tayoyin baya su kulle motar ta juya. To in ka ƙara falle ka ɗaga bayan ba tare da an daidaita shi ba, ko ka cika ta da kaya shi gani yake ba nauyi sosai, sai aikin tsayar da mota ya koma kan birkin gaba. Nan take na tuna yadda nake canja birkin gaba ba ƙaƙƙautawa, da yadda motar ke ƙin tsayawa da wuri in ta yi lodi. Ya ƙara da cewa ƙarin falle ba ya ƙara wa shasi, ko boris, ko tayoyi ƙarfin ɗaukar kaya. Bugun da sifirin ya kamata ya shanye ne yake miƙa musu. Fallen da aka yi wa walda kuwa ya nuna mini sabuwar tsaga dab da ɗinkin, don wuta tana kashe ƙwarin ƙarfen sifirin. Na sallama.

Sifirin na Beljiyam muka saya a Ƙofar Ruwa, shi da kansa ya raka ni. Ya sa aka jera guda biyun a ƙasa gefe da gefe ya ga lanƙwasarsu ta zo daidai, ya kankare tsatsa a kusa da ido da kuma wajen ramin senta bol, inda tsaga ta fi fara fitowa. Sai da muka ƙi saiti uku kafin ya yarda da na huɗu. Yubol, wato ƙarfen da ke ɗaure sifirin a jikin aksil, da senta bol da bushin duk sababbi aka sa, ya ce yubol ɗin da aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe, ba ya sake riƙewa kamar da. Bayan wata takwas na sake aunawa da kaina: hagu ya sauka kamar faɗin yatsa ɗaya, dama yana nan. Ga sifirin da ya riga ya yi rayuwa a wata ƙasa kafin ya zo hannuna, ban ga abin ƙorafi ba. Amma ba zan ce wa kowa na Beljiyam daidai yake da sabo ba. Sa'a ce da idon wanda ya zaɓa.

Shakazoba na sa KYB Excel-G, huɗu gaba ɗaya. Kamfanin Japan ne, wanda a da ake kira Kayaba, kuma wannan samfurin mai iskar gas ne a ciki ban da mai. In ka yanke igiyar da aka ɗaure shi da ita, da kansa yake miƙewa a hankali, in ka danna kuma ka ji tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da wani wuri ya zurma ba. Dattijon ya gwada kowanne haka a gaban mai shago. Har yau jikinsu a bushe yake, ba ɗigon mai, kuma a kan burji mai gargada motar ta daina rawar da take yi tana neman barin hanya. Sababbin tayoyin da na sa a gaba suna ci daidai. Abin da zan faɗa wa mai son saye shi ne, in motar ba kaya za ka ji ta da ɗan tauri, ƙananan ramuka suna isowa ga bayanka. Sannan jama'a da yawa suna zaton sabon shakazoba zai ɗaga motar da ta zauna. Ba aikinsa ba ne. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shi kuwa shakazoba hana lilo kawai yake yi. Wanda bayan motarsa ya zauna ya sayi shakazoba shi kaɗai, zai kashe shi da wuri.

Bol joyin da tayarod, wato sandunan da ke haɗa sitiyari da tayoyi, na kamfanin 555 muka sa, shi ma na Japan. Waɗanda na samu suna da kan giris, ina sa a ɗura musu duk lokacin juyen mai. Shiru suke har yanzu. Abin da na koya game da su shi ne a riƙa duba ƴar robar da ta rufe su, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da ta yage, ƙurar hunturu da yashin Jigawa sun shiga sun haɗu da giris sun zama dutsen washi.

Abu ɗaya ne ya mutu, kuma ni na zaɓe shi. Aidila, wato hannun da ke riƙe da sandar sitiyari a ɗaya gefen shasi. Kuɗi ya ƙare mini a ranar, na ɗauki wani marar suna mai rahusa, dattijon ya ce bai yarda da shi ba amma mota tawa ce. Wata huɗu wasan sitiyari ya dawo. Na sayi mai kyau, na sake biyan kuɗin aiki, na sake biyan alaimen, wato saita tayoyin gaba.

Akwai wani abu da ya yi wanda nake so masu mota su riƙa nema a wurin bakanikensu. Bai ɗaure ƙusoshin bushin ba motar tana rataye a jak. Ya kama su sama-sama, ya sauke ta a kan tayoyinta, ya sa yara suka girgiza ta, sannan ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure tamau. Dalilinsa shi ne in ka ɗaure tana sama, da ta sauka robar ta riga ta murɗe, a haka za ta zauna dare da rana har ta tsage. Toshan ɗin gaba ma ya tarar wani ya ɗaure su fiye da kima don gaban ya tashi ya yi kyau, ya sassauta ya daidaita tsayin hagu da dama da tef. Ya kuma ce in dawo bayan mako ɗaya a sake ɗaure yubol. Na dawo, kowane noti sai da ya ƙara juyawa.

Ba duka ne ya yi mini daɗi ba. Kwana uku ya ce, sai da motar ta yi biyar, a bakin kaka, lokacin da kowane yini kuɗi ne. Ba shi da na'urar alaimen, sai da na tuƙa ta zuwa wani wuri da sababbin tayarod da aka saita da ido. Kuma ba shi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da hannu da sabo yake ɗaurewa. Hannunsa ya gwanance, ban musa ba, amma yaran da ke koyo a wurinsa ba su da shekarunsa, na kuma faɗa masa haka. Ya ce yana da niyyar saye. Kuɗin aikinsa ya fi na sauran garejin da na saba zuwa, sai dai duk tsofaffin kayan da ya cire ya zuba mini a buhu ya ce in tafi da abina.

Sauran magana ta lodi ce, kuma ita ta fi wuya. Irin wannan mota abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, wato buhu goma mai kilo 100, mu kuwa mun saba ɗora goma sha biyar har sama. Ranar da zan karɓi motar dattijon ya ce, "Alhaji, ni na gama nawa. In ka koma sha biyar, kafin damina za mu sake haɗuwa." Na tsaya a goma, wani lokaci sha ɗaya in hanyar kwalta ce. Wannan yana nufin ƙarin sawu a ranar kasuwa, ga tsadar gas, kuma na san akwai abokan sana'ar da lissafinsu ba zai ɗauki haka ba. Ni dai a wata takwas ɗin nan ban kwana a hanya ba ko sau ɗaya, ban sayi falle ba, birkin gaba kuma sau ɗaya na canja.

Bushin ɗin hannun sama na gaba ne kaɗai muka bari a wancan lokaci, don ya ce suna da sauran rai. Makonni biyu ke nan ina jin ɗan ƙiƙi-ƙiƙi daga gefen dama da sassafe in na hau tudun ƙofar gida. Na kira shi, ya ce in kawo ta ranar Asabar kafin ruwan farko ya sauka.