Kafintan Sokoban da ya yi mana maganin ƙwaron katako a tsohon injin finbol

Jama'a ga duk wanda ke Kumasi kuma ƙwaro ya shiga masa tsohon kayan katako, ku je Sokoban Wood Village, can inda aka mayar da kafintocin unguwar Anloga. Akwai wani dattijon kafinta a wajen, kowa massa yake ce masa, shi ya yi mana aikin kuma gaskiya taurari 4 na ba shi cikin 5.

Kayan da muka kai masa injin finbol ne, wasan nan da ake harba ƙaramar ƙwallon ƙarfe tana yawo ƙarƙashin gilashi kana bugo ta da maɓalli biyu na gefe. Na kamfanin Bally ne, ƙirar Shikago, na kawuna ne, ya daɗe jingine a ɗakin ajiya a Aboabo. Jikinsa duk ƙananan ramuka kamar an soka da allura, ƙasansa kuma gari ne laushi kamar fulawa. Mu duk a gidan gara muke cewa. Massa yana murza garin a yatsa ya ce wannan ba gara ba ce, gara da ƙasa take zuwa tana gina hanya, wannan ƙwaro ne da ke saka ƙwai cikin katako, tsutsar ce ke ci daga ciki wata da watanni, ramin da kake gani na milimita 1 zuwa 2 ƙofar da ya fita ce bayan ya girma, wato kafin ka ga rami ɓarna ta riga ta yi nisa.

Abin da ya burge ni bai yi gaggawar zuba magani ba. Ya share garin tas ya shimfiɗa baƙar leda a ƙasa ya ce a bar shi a ga inda sabon gari zai zubo, in fari ne sabo to suna nan da rai. Ashe ba duk akwatin ba ne. Filawud ɗin asali da sauƙi, inda suka yi kaca-kaca shi ne gindin da kusurwoyin da ake ɗaure ƙafafu, don wani can baya ya taɓa yin gyara da wani farin katako mai laushi da ake kira wawa. Wawa kuwa duk kafintan Ghana ya san abincin ƙwaro ne in ba a sa masa magani ba, ga arha ga sauƙin aiki amma sitaci ya yi masa yawa. Kuma abin ya fi kilo 100, a kan kusurwoyin nan huɗu yake tsaye, ka ga da wata rana ya durƙushe da gilashinsa. Ya cire su duka ya sa odum, wani katako mai ƙarfi.

Maganar magani mun ɗan ja da shi. Shi wani maganin ƙwari ne, Dursban, ya saba da shi kamar yawancin kafintocinmu, ni kuma na ce massa don Allah a ɗaki abin zai zauna yara na taɓawa, sinadarin da ke ciki Tarayyar Turai ta hana shi tun 2020. Bai ji haushi ba, ya ce to ɗana kawo abin da kake so. Muka sami boras, wani farin garin sinadari, aka narka a ruwan ɗumi ya shafa ta ciki inda babu fenti, ramukan kuma ɗaya bayan ɗaya ya bi su da sirinji, wallahi aikin haƙuri ne ni da na gaji tun a gefe ɗaya. Bayan ya bushe ya toshe su da gam da garin katako. Kafin duk wannan sai da aka ciro falon wasan, wato allon da ƙwallon ke yawo a kai, da gilashin baya mai zane da wayoyi aka ajiye gefe, don gilashin nan in zafi ko danshi ya taɓa shi fentin ɓarewa yake yi.

Zanen gefe ko kusa bai sa masa sanfefa ba, yaronsa ya ɗauko zai goge ya daka masa tsawa. Wani kafintan da tuni ya kankare ya mulka maka sabon fenti yana jiran godiya.

Inda ya rasa tauraro ɗaya lokaci ne. Gobe gobe har ka gaji, ka kira ya ce yana jana'iza, kun dai san Kumasi da jana'izar Asabar. Sannan harkar wuta babu ruwansa kuma ya faɗa tun farko, ku nemi mai lantarki daban ya duba taransifoma kafin a jona, wutar Amurka wajen volt 120 ce tamu 230. Kuɗin aiki bai tsawwala ba, ana ciniki, yana karɓar momo, wato kuɗi ta waya, amma kuɗin aboboyaa, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zuwa da dawowa naka ne. In za ku ɗora a cire ƙafafun a kwantar da shi kan tsohuwar katifa a ɗaure da igiya sosai.