Wane irin akanta ya dace da gonarka, shagon gidanku ko ƙungiyarku a Gombe?

Yawancin mutanenmu ba sa neman akanta sai ranar da banki ya ce a kawo lissafin shekarun baya, ko ranar da Alhaji ya rasu aka zauna rabon gado aka kasa gane wane buhu ne na shago, wane ne na gida. A irin wannan rana babu zaɓe, duk wanda aka nuna maka shi za ka biya. Gara a yi maganar tun hankali yana kwance.

Kalmar akanta a bakinmu ta haɗe aiki uku. Akwai mai rubuta shiga da fita kullum. Akwai mai duba abin da aka rubuta ya ba da shawara kan haraji, bashi da farashi. Akwai kuma odita, wanda yake zuwa daga waje ya bincika littattafai ya sa hannu. Mutum ɗaya zai iya riƙe biyun farko, amma wanda ya rubuta lissafi ba shi zai binciki kansa ba. Kafin ka tambayi nawa za a biya, ka san wanne kake nema.

Zaɓin da kowa yake fara tunani shi ne ɗan gida, wato ƙani ko ɗan yaya da ya karanta lissafin kuɗi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere. Ba tsada, ya san kowa, kuma yana nan kullum. Wajen rubuta ciniki da tara rasit babu kamarsa. Matsalarsa kunya ce, ba ƙarancin ilimi ba. Idan Yaya Babba ya miƙa hannu a aljihun tebur ya ɗebi kuɗin suna, yaron nan ba zai iya cewa "Yaya, a sa hannu a nan" ba. Na taɓa riƙe littafin wani shagon hatsi na dangi, kuma shafin da ya fi ba ni wahala shi ne wanda na yi wa take da "na gida". A ƙarshen shekara ya fi kuɗin haya da na leburori a haɗe, kuma babu wanda ya yarda shi ya ci. Idan ɗan gida za ka ɗauka, ka yanka masa albashi, ka kuma faɗa a gaban kowa cewa kai ma sai ka sa hannu kafin ka ɗauki ko sisi.

Sai mai zuwa lokaci-lokaci, galibi ma'aikaci ne a wani ofis, yana leƙowa da yamma ko ranar Asabar. Ga matsakaicin shago ko gona, a ganina wannan ya fi dacewa, muddin akwai mai rubutun kullum da zai tarar da aikinsa. Ba ɗan gida ba ne, don haka yana iya faɗin gaskiya mai ɗaci ya hau babur ɗinsa ya tafi. Sai dai lokacin da kake tsananin bukatarsa, ƙarshen shekara, shi ne lokacin da ofishinsa ma yake matsa masa.

Na uku ofishin akantoci masu lasisi. Ƙungiyoyi biyu ne doka ta sani a wannan fanni: ICAN, wadda aka kafa da dokar 1965, da ANAN, wadda ta samu tata dokar a 1993, kwalejinta kuma tana Kwall kusa da Jos. Mutane suna son musu kan wacce ta fi, amma wannan ba damuwar manomi ba ce. Abin tambaya shi ne ko mutumin yana da lasisin aikin kansa da bai ƙare ba, da lambar rajistarsa ta hukumar FRC, mai sa ido kan ƙa'idojin rahoton kuɗi, da ake sawa a jikin lissafin da aka bincika. Digiri kaɗai ba ya ba mutum ikon sa hannu a matsayin odita. Su ne mafi tsada, kuma ba kowa yake bukatarsu kowane wata ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin binciken odita, wato waɗanda cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsu bayan cire bashi kuma ba ta haura miliyan 60 ba. Amma banki ko mai ba da tallafi yana iya cewa shi sai ya ga hatimi.

Manhajar waya kuwa littafi ce kawai mai saurin lissafi. Abin da ka zuba mata shi za ta mayar maka.

Gona ita ce inda akantan birni yake yawan tuntuɓe. Shekarar manomi ba ta bin kalandar ofis: ka sayi taki da iri farkon damina, ka girbe da kaka, ka ajiye masara ko wake a sito sai farashi ya ɗaga a Tudun Hatsi, wataƙila bayan sabuwar shekara ta shiga. Wanda ya rufe maka littafi a watan Disamba bai ƙirga abin da ke cikin sito ba, zai nuna maka asarar da ba ka yi ba. Haka nan hatsin da aka ci a gida, da ƙwadagon 'ya'yanka da ba a biya ba, da maraƙin da aka haifa, da tunkiyar da ta mutu, duk lissafi ne. Mai noman rani a Dadin Kowa yana da nasa ƙarin: man injin ban-ruwa, wanda idan ba a ware shi daban ba ba za ka taɓa sanin ko shinkafar rani tana biyan kanta ba. Ka jarraba mutum da tambaya guda, ka ce masa yaushe zai zo ya ga gonar. Idan ya ce a turo masa hotunan rasit ta WhatsApp ya isa, ka nemi wani.

Kuma ka tambaye shi zakka. Ba fatawa zai ba ka ba, wannan ta malamai ce, amma shi zai fitar da adadin da malam zai yi hukunci a kai. Hatsin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka wahala aka shayar da inji ɗaya cikin ashirin. A buhu 200, bambancin buhu 20 ne da buhu 10. Wanda ya cakuɗa na damina da na rani a shafi ɗaya ya jefa ka cikin ruɗu.

A kasuwancin dangi, shawara mafi nauyi ita ce irin rajistar da za a yi a hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci. Idan sunan kasuwanci kawai aka yi wa rajista, a idon doka kai da shagon abu ɗaya ne: bashinsa bashinka ne, harajinka kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jiha za ka kai wa. Idan kamfani ne, yana da rayuwarsa daban, harajinsa na tarayya ne, kuma hannun jarin kowa a rubuce yake, abin da yake sauƙaƙa rabon gado ba tare da an sayar da shago an raba kuɗi ba. Nauyinsa shi ne takardun shekara-shekara da tara idan an makara. Dokokin haraji ma sun sauya: an sa hannu kan sababbi a Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, hukumar tara harajin tarayya, FIRS, ta koma NRS. Ka sa ya yi maka bayanin abin da ya shafe ka da Hausa. Wanda ya fahimci abu ba ya ɓuya a bayan Turanci.

Ƙungiyoyin taimakon marayu, gidauniyoyi da kwamitocin masallaci su ne suka fi bukatar idon baƙo, domin kuɗin ba nasu ba ne. Rajistarsu a CAC ta amintattu ce, wato mutanen da aka ba amanar riƙe ƙungiyar, kuma banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wajen buɗe asusu. Da yawa suna zaton tunda ba riba suke nema ba babu ruwansu da haraji, alhali dole su cire na albashin ma'aikatansu su kai wa jiha. A nan akantan da ya dace shi ne wanda ya iya raba kuɗi bisa niyyar mai bayarwa, kada kuɗin rijiya ya tafi buhunan azumi, ko da duka alheri ne. Ma'aji ɗan sa-kai ya ci gaba da rubutu, mutum biyu su riƙa sa hannu a asusu, odita daga waje ya zo sau ɗaya a shekara.

Duk wanda ka tsayar, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: aikin da zai yi, sau nawa zai zo, nawa za a biya, da wanda zai ɗauki tara idan shi ya jawo makara. Kada ka ba shi katin banki ko lambar sirri. Lambobin shiga shafin CAC da na haraji su kasance da lambar wayarka da imel ɗinka, ainihin takardu kuma su kwana a wurinka, shi ya tafi da kwafi.