Kafin ka sayi supacaja ta hannu

Supacaja famfon iska ce da bel ke juyawa daga injin, tana cusa masa iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa. Bambancinta da turbo shi ne ba ta jiran hayaƙin salansa. Iri uku ake samu na hannu, kuma kowanne da inda yake fara lalacewa.

Wadda ta fi yawa ita ce samfurin Roots, musamman ta kamfanin Eaton: M45 da ke cikin Mini Cooper S na 2002 zuwa 2006, M90 ta injin 3800 na GM, M112 ta Jaguar XKR. Lambar tana nuna yawan iskar da take turawa a zagaye ɗaya, M90 kusan lita ɗaya da rabi ke nan. Da ka taka totur take amsawa, kayan gyaranta kuma ba su da wuyar samu, sai dai tana ɗumama iska sosai. Mai murɗaɗɗun sanduna biyu irin ta Whipple ko Lysholm ta fi ta sanyin iska, amma gyaranta sai ƙwararre. Ta uku, irin Vortech, ProCharger da Rotrex, farfela ce kamar ta turbo, ƙarfinta sai injin ya ɗau gudu yake bayyana. Mai tuƙin yau da kullum, a ganina, ya tsaya kan Roots.

To, ga ta a gabanka. Kama fulin, wato faifan da bel ke hawa, ka juya da hannu a hankali, ya kamata ya tafi sumul ba tare da gurzawa ba. Sannan ka motsa shi gaba da baya. In fulin na wasa kafin sanduna biyu na ciki masu tura iska su motsa, robar da ke haɗa shi da giya ce ta cinye, ita ce ke sa ƙarar kwaram-kwaram idan injin na aiki mota na tsaye. Wannan kada ya tsorata ka, ƙaramin gyara ne, hujjar neman ragi ce kawai. Rotrex kuwa ba a juya ta baya, ko da wasa.

Abin da zai yanke maka hukunci yana ciki. Haska tocila ta bakin iska. Ɗan gogewar fenti a gefen sandunan alamar shekaru ce. Amma in ka ga zane mai zurfi a bangon gidan, wanda farce ke maƙalewa a ciki, ko alamar sandunan biyu sun taɓa juna, ajiye ta ka yi gaba. Ko dai ta haɗiyi wani abu, ko boris ya mutu, kuma iska za ta riƙa zurarewa ta wannan zanen komai gyaran da aka yi. A mai farfela, ka duba ko bakin fukafukan ya gutsure, ko sandar farfelar na girgiza.

Sai mai. Eaton tana da manta na musamman a hancinta, wato ɓangaren da fulin yake, daban da baƙin man inji. Warinsa ba daɗi ko yana da kyau, don haka kada wari ya ruɗe ka. Garin ƙarfe a ciki, ko rashin man gaba ɗaya, shi ne abin tsoro. Ta Mini tana da wani ɗakin mai a baya inda giyar famfon ruwa take, kuma shi aka fi mantawa har ya bushe.

Tambayi mai sayarwa girman fulin. In an sa ƙarami don ƙarin ƙarfi, ta sha gudu da zafi fiye da ƙa'ida. Ka tabbata kuma bawul ɗin da ke sakin iska yana buɗewa yana rufewa, kuma ƙarafan ɗaurawa da bututai suna tare da ita, domin nemansu ɗaya-ɗaya kan ci kuɗi fiye da ita kanta.

Kafin ɗaurawa, canza mai, robar haɗi, sil ɗin hanci da bel. Giyoyin da ke daidaita sandunan kam kada bakanike ya zare su in ba shi da na'urar mayar da su daidai. Idan kuma motarka ba da supacaja ta fito ba, sai an sake saita kwamfutar injin, an tabbatar fetur na isa, kafin a taka ta.