Safar hannu ta sanyi da na saya a Accra: fatar ta yi, shafin ya ba ni haushi

Safar da nake magana a kanta baƙa ce, ta fatar tunkiya, irin wadda ake jerawa a shagunan kayan matafiya na Accra da zarar Nuwamba ta kama, gefen manyan rigunan sanyi da hulunan ulu. Kun san su, kun san kuɗinsu, ba sai na faɗa ba. Mako uku ta yi tana aiki a Toronto cikin Janairu, garin da digiri 10 ƙasa da sifili ba labari ba ne, kuma ina so duk mai shirin tafiya ya ji abin da ta yi kafin ya zaro sidinsa, kuɗin Ghana.

Tsakani da Allah fatar ba ta da laifi. Na ɗaga bakin ɗinkin wuyanta na duba bayan fatar, na tarar da gashi-gashi mai laushi, ba yadi ba. Wannan shi ne awon farko, don ta roba bayanta yawanci saƙaƙƙen yadi ne, kuma a danshin garin nan ba ta daɗewa take fara ɓarewa tana zuba kamar dusa. Fatar gaske in ka danna ta da yatsa sai ta yi ƙananan tamoji ta koma, ta roba kuwa lotsawa kawai take yi. Mu da jar akuyar Sakkwato ta fito daga ƙasarmu, wadda Turawa suka daɗe suna kiran fatarta fatar Maroko, bai kamata a sayar mana da leda da sunan fata ba. Ɗinkin bayan hannun layi uku ne, a miƙe, ta zauna da kwat ta zauna da jallabiya. A kan kyau kam, na ba ta hakkinta.

Ranar huɗu ce ta tona mata asiri. An fito daga sanyi an shiga jirgin ƙasa mai ɗumi, hannu ya yi gumi, aka ja safar don a ciro kati, sai shafin yatsu huɗu ya biyo hannu waje, a juye, yana reto. Babban yatsa kaɗai ya tsaya a wurinsa. Wanda bai taɓa gamuwa da wannan ba zai ɗauka abu ne na minti ɗaya. Wallahi ba haka ba ne. Kana tura yatsa ka ji ya ci karo da dunƙule a rabin hanya, ka zaro ka sake, na tsakiya ya shiga ramin na kusa da shi. Sai da aka kai masauki aka zauna da fensir, aka shafe kusan minti 20, kafin ta sawu. Tafiyar da ke tsakanin tasha da gida kuwa, hannun dama a aljihu ya yi ta.

Ga dalilin. Irin wannan safar hawa uku ce: fata a waje, wata 'yar leda mai siffar hannu a tsakiya da ke hana ruwa shiga, sai shafi mai laushi a ciki haɗe da abin riƙe ɗumi. Abin da ke riƙe hawa ukun nan wuri ɗaya shi ne ɗan maɗauri a ƙarshen kowane yatsa. Masu aikin kirki suna ɗinke shi a jikin fatar. A tawa, babban yatsa kawai aka ɗinka, sauran ɗigon gam aka sa musu. Gam ɗin da ya sha zafin kwantena a teku, ya zo ya kwana watanni a shagon da rufin kwano ke gasa shi, ya riga ya bushe tun kafin a saya. Busasshen hannu yana zamewa ya fita lafiya, shi ya sa ba a gane komai a shago. Hannu mai gumi kuwa kama shafin yake yi, kuma shafin ba shi da abin da zai riƙe shi.

Ana iya kama wannan aibin tun a gaban mai shago. Sa safar, dunƙule hannu minti uku, a zafin Accra gumi ba ya wuyar zuwa. Sannan ka kama ta ta ƙarshen yatsan tsakiya, fatar kawai, ka zare hannunka da ɗan sauri. In ka ji shafin ya motsa ya biyo ka ko da santimita ɗaya ne, ajiye masa kayansa. Ka gwada kowane yatsa, hagu da dama, don ba lallai duka su saki lokaci guda ba. Ko mai kyau ce ma, hanyar cire ta ita ce ka matse kan kowane yatsa har ka ji ka haɗa hawa ukun, ka sassauta su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ja.

Sai maganar girma, wadda ita ma ta taimaka wajen ɓarnar. An rubuta L a jikinta, amma harafin nan ba awo ba ne, kowace masana'anta da nata. Awon gaske da tef ɗin tela ake yi: ka zagaye tafin hannun da ka fi aiki da shi, daidai kan gaɓoɓin tushen yatsu, ban da babban yatsa. Abin da ya fito a inci shi ne lambarka. Inci 8 kusan santimita 20 ne, inci 9 kusan 23, inci 10 kuwa 25 da ɗan ɗoriya. Hannu mai inci 9 da rabi ya shiga wannan L ɗin da ƙyar, alamar an yanka ta ƙasa da lambar da ta dace. Mai shagon ya ce, "Alhaji, fata ce, za ta buɗe." Rabin gaskiya ya faɗa. Fatar safa tana buɗewa ne ta wajen faɗi, ba ta ƙara tsawo, don haka yatsan da ya gaza yau haka zai tabbata. Kuma matsattsiyar safa ta fi sanyi: tana danne abin riƙe ɗumin ta kori iskar da ke cikinsa, tana kuma takura jini zuwa yatsu. A bar kamar rabin santimita tsakanin farce da ƙarshen safar, tsakanin yatsu kuma ɗinkin ya sauka har gindi, kada ya rataye a sama. Mai niyyar sa siririyar safar ulu a ciki, ya gwada da ita a hannunsa.

Duk da haka ba zan ce ba ta riƙe ɗumi ba. Lakabinta ya nuna Thinsulate (sunan abin riƙe ɗumin da ke cikinta) giram 40, ma'ana nauyin abin a kowace murabba'in mita, kuma 40 shi ne na yawon gari, daga gida zuwa mota. Wanda zai tsaya jiran bas ko ya yi aiki a waje ya nemi 100 zuwa sama. A iyakar aikin da aka yi ta dominsa, minti 15 zuwa 20 a waje, yatsu ba su yi tsami ba. Mai son gwadawa a nan gida, ya sayi ruwan leda da ya daskare ya damƙe shi minti biyar da safar. Ba zai nuna maka yadda iska ke ratsawa ba, amma zai nuna inda aka yi rowar shafi, yawanci a kan yatsu da gefen babban yatsa. Da na dawo na kai wa wani baduku a unguwar Nima da ke Accra, ya tura shafin da fensir ya kama kowane yatsa da ɗinki biyu a cikin tsohon layin, da zare mai kakin zuma. Ya riƙe daram. Har na fara cewa to, da wannan gyaran kuɗina bai faɗi ba.

Amma da na sake tunani, raina ya sake ɓaci. Allurar nan ta huda ledar tsakiya, yanzu ruwa yana da ƙofa takwas a daidai inda dusar ƙanƙara ke narkewa a hannu. An shafa ɗan man kaɗanya a kan ɗinkin, yana ragewa, ba ya toshewa. Wato hana ruwan da aka ƙara mini kuɗi a kansa, shi na sadaukar don in samu safar da za ta sawu. Ga wuyanta gajere, santimita 2 kacal ya wuce wuyan hannu, alhali ana son kamar 5 don ya shige ƙarƙashin hannun riga. Da ka miƙa hannu ka kama ƙarfen bas, sai iska ta samu fatarka tsirara. Ɗan facin da aka sa a kan manuni don taɓa waya ma kwana goma ya yi ya goge, kuma kowace amsa waya ta koma cire safa, kowace cirewa kuma da fargabar shafi.

Wanda ya tambaye ni yau, Kantamanto, kasuwar gwanjo ta Accra, zan tura shi, wajen masu buɗe dilar kayan sanyi. Safar da ta riga ta ci hunturu ɗaya a Ingila ko Kanada, shafinta ya gama nuna halinsa, in mai saki ne da tuni ya saki. Abin lura a can shi ne a haɗa tafin biyu a ga tsawon yatsu ya zo ɗaya, don a dila ana yawan haɗa hagun wata da daman wata, a shinshina cikinta saboda fumfuna, a kuma tafi da tef a aljihu.