Zaratan sojoji da sojojin ƙundumbala, ba abu ɗaya ba ne

Ɗan'uwa da ka tambaya ko zaratan sojoji su ne dai dakaru na musamman, wato 'yan ƙundumbala, da ake ji a rediyo, a'a wallahi, ko a fada nan Damagaram in ana hira sai ka ji an cakuɗa su, alhali ba a ƙarfi ko jarumta suka bambanta ba, a irin aikin ne.

Zarata aikin soja na yau da kullum suke yi, su kai hari su ƙwace wuri su riƙe shi, sai dai an tace su an ba su horo mai tsanani kuma da yawa suke tafiya. Dubi Lejiyon ta Faransa, rundunarta mai ɗaukar 'yan ƙasashen waje, wadda aka kafa tun 1831, a 1978 'yan laimarta ɗaruruwa suka dira Kolwezi a Zayar (Kwango ta yanzu) da rana tsaka suka kama garin, duniya na kallo.

Su kuwa 'yan ƙundumbala in an gan su ma aiki ya fara lalacewa. 'Yan kaɗan ne, na Amurka masu koren hula mutum 12 ne a ƙungiya, ciki da masu magani biyu da masu sadarwa biyu, suna koyon harshen inda za a kai su saboda rabin aikinsu horar da sojojin wata ƙasa ne, shi ya sa a Tongo Tongo, ƙauye kusa da iyakar Mali, a Oktoban 2017 tare da sojojinmu na Nijar aka yi musu kwanton ɓauna, Amurkawa 4 suka mutu, namu ma suka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma nan za ka ga rauninsu, ba su da yawa ba su da manyan makamai, in taimakon sama ya yi jinkiri shi ke nan. Sauran aikin leƙen asiri ne da ceto, kamar Ba'amurken da aka sace kusa da Ƙonni a 2020 aka tsallaka da shi Najeriya, cikin dare 'yan ƙundumbalar Amurka suka sauka suka ɗauko shi. Mahauci da wanzami duk ƙarfe mai kaifi ke hannunsu amma ba ka kai wa mahauci jariri ya cire beli.

Umarnin 'yan ƙundumbala ma daga can sama yake zuwa, Faransa sai da ta yi musu hedikwata tasu daban a 1992 bayan yaƙin Gulf. Kuma don Allah a daina auna su da hula, 'yan Lejiyon ma koriya suke sawa.